Tafiyata Kebbe da Kibiyar Kitso a Jaka

Tun ranar da na dawo daga Kebbe ba ku bar ni na huta ba. Wannan ta kira, waccan ta aiko saƙo, Malama Balki ma har ofishin malamai ta tare ni da alli a hannu tana cewa, "Saratu, ta dai yarda kin gan ta?" Na gaji da maimaita magana guda, kuma duk wadda na ba labarin a tsaitsaye sai in ga na rage mata rabi. To, ga shi na zauna na rubuta muku gaba ɗaya, ku 'yan ajinmu na kwalejin horon malamai. Na tambayi Kulu kafin in ɗauki biro, ta ce in faɗi komai amma kada in ƙara gishiri. Ta san halina.

Kun san ni da Kulu tun ɗakin kwanan makaranta, ita a gadon sama ni a na ƙasa. Shekara talatin da biyu ke nan. Kun kuma san gashinta, wannan baƙin gashin da in ta tsefe shi yake sauka har gadon baya, ni kuwa nawa ko ƙeya bai gama rufewa ba. Tun shekararmu ta farko ni ke yi mata kitso, ita ke yi mini. Da aure ya raba mu, ni Dogon Daji ita Kebbe, sai kowa ta nemi makitsiyar unguwarsu don na yau da gobe, amma kitson Sallah namu ne. Ƙaramar Sallah ni ke zuwa, babba ita ke zuwa. Ko da tsohon ciki ba mu taɓa fashi ba.

Shekara biyu da rabi da suka wuce aka gano mata ciwon daji a nono. Babban ɗanta ya ɗauke ta zuwa birni. Na je asibiti kafin a yi mata aiki, na yi mata kitso ƙanana a kan gado, muna ta dariya har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce mu rage murya. Daga wannan ranar sai ƙofa ta rufe. In na kira, yayarta Tumba ke ɗauka, ta ce barci take yi. In na ce zan zo, a ce in dakata tukuna. Balki ta je an karɓe ta. Hajiya Rabi ta je har sun ci abinci tare. Aka sallame ta, ta koma Kebbe, kowa na zuwa dubiya yana dawowa da labari, ni kaɗai ce ake ce wa barci take yi. Na zauna na ƙirga laifuffukana tun na makaranta ban ga wanda ya kai haka ba. Daga baya ni ma na yi zuciya, na yi wata bakwai ban kira ba. Kada ku ji na ce zuciya ku ɗauka ban damu ba, wallahi abin na cina kullum.

Maigidana, Malam, shi ne ya gaji da ganina haka. Wata safiya yana saka takalmi zai fita ya ce, "Ke, in gobe anka kira ki anka ce Kulu ta rasu, wa za ki yi ma fushin?" Ya ce, "Ki shirya ki tafi. Kada ki kira kowa, ki dai tafi."

Na haɗa ƙwan zabi ashirin cikin roba, da kwalbar zuma, da man shanu a gwangwani. Sai na ɗauko kibiyar kitsona da mataji na saka a aljihun jaka. A raina cewa nake, in baki ya kasa gyara magana, hannu zai gyara.

Daga Dogon Daji zuwa Tambuwal ba labari, kwalta ce, kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai kun iso. Labarin a tashar Tambuwal ya fara. Na iske motar Kebbe da mutum biyu a ciki, direban ya ce saura kaɗan ta cika. Wannan kaɗan ɗin sa'a uku ce cur. Na ci masa, na sha kunu, na yi hira da mai sayar da goro har na san sunayen 'ya'yansa. Da aka tashi cikawa kuwa sai aka cika ta da gaske. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, buhunan taki a but, da akuya ɗaure a kansu tana leƙo mu ta gilashi.

Kusa da ni wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, ƙullin kayanta a cinya, rabinsa a tawa cinyar. Ba mu fita gari ba ta juyo ta ce, "Ɗiyata, ina za ki?" Ni da shekara hamsin da uku a ce mini ɗiyata, nan take na yafe mata warin daddawa. Na ce dubiya za ni. Ta tambayi wace ce, ɗiyar wa, matar wa, wace unguwa, har ta gano gidan. Ta ce, "Malama Kulu? Ai ita tak koya ma jikokina karatu. Allah sarki, mace mai faran-faran. Ke mi kike gare ta?"

Na ce ƙawarta ce ni.

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sai yanzu?"

Na juya kai wajen taga.

Ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, hanya kuma ta ci ruwa ta ƙoshi. Ku da ke zaune bakin kwalta ku gode Allah. Motar nan takan nutsa a rami ta fito, mu yi sama mu dawo, akuya ta yi kuka, tsohuwa ta yi salati. A wani kwari muka kafe gaba ɗaya. Maza suka naɗe wanduna suka shiga turi, mu mata aka ce mu fito a rage nauyi. Ina sa ƙafa ƙasa laka ta kama takalmina na dama, na ja ƙafa ta fito, takalmin ya ce shi ya iso gida. Wani bawan Allah mai farar riga ya zura hannu har gwiwar hannu ya zaro mini shi. Da na koma mota na iske wani ya ɗora buhu a kan robar ƙwai. Cikin ashirin, shida suka tsira.

Akwai wani yanki na daji da muka shiga, kowa ya yi tsit. Direban ya kashe rediyo, tsohuwa ta fito da carbi. Kowa ya san dalili, daji ne na 'yan bindiga. Da muka fara hango rufin gidaje sai aka saki numfashi, hira ta ɓarke kamar ba a taɓa yin shiru ba.

Gaba kaɗan shingen jami'an tsaro ne, inda direban ya ce daga nan mun shiga ƙasar Kebbe. Aka ce kowa ya buɗe jaka. Wanda ya duba tawa, da jin Hausarsa ba ɗan yankinmu ba ne, ya zaro kibiyar nan ya ɗaga ta sama yana juya tsininta. Ya ce, "Hajiya, wannan fa?"

Kafin in buɗe baki tsohuwa ta leƙo ta taga. "Kai, uwarka ba ta kitso?"

Motar ta kwashe da dariya, har abokan aikinsa. Shi ma ya yi murmushi ya ce tana yi, amma ya kwana biyu bai gan ta ba. Ya mayar mini da ita cikin jaka da kansa, ya ce a gai da mai jiki. Na ji tausayinsa ƙwarai.

Bayan la'asar muka shiga Kebbe. Tsohuwa ta danƙa mini daddawa uku ta ce in kai wa Malama, ta kuma tsaya sai da ta ga na hau kabu-kabu. A kan babur ɗin na ji wani danshi a bayana. Ashe man shanu ya narke tun a hanya, ya bi zanen da na zo da shi na canji, ya ratsa jaka. Haka na isa ƙofar gidan, ƙafa ɗaya laka, baya maiƙo, jiki warin daddawa.

Tun da mijinta ya rasu Kulu take zaune a gidan da yayarta Tumba, wadda ita ta yi jinyarta daga farko har ƙarshe. Na yi sallama na shiga. Yaya Tumba na tsakar gida tana tsince shinkafa a faifai. Ta ɗago ta gan ni, ta ajiye faifan a hankali, idonta ya tafi wajen ɗakin Kulu. Ƙofar a buɗe take, labule na motsi.

Kun san ni, in tsoro ya kama ni bakina ke gudu. Tun a mota na shirya yadda zan shiga da wasa, kamar ba abin da ya faru. Na zaro kibiya na ɗaga, na buɗe murya yadda na saba duk Sallah: "Kulu! Fito, makitsiyarki ta iso! Na san kan nan ya yi tsami, shekara biyu ba wanda ya iya da shi. Fito in tsefe miki, yau sai mun kai magariba!"

Sai na ga hannu ya fito daga bayan labule, siriri, wanda ban gane ba, ya jawo ƙofar langa-langa ya rufe. Na ji an saka sakata.

Yaya Tumba ta kama hannuna ta ja ni bayan rumbu. Ta ce, "Kash, Saratu, mi kinka yi haka?"

Na ce, "Yaya, mi na yi?"

Ta ce, "Ba gashin. Maganin da anka riƙa ƙara mata ya zubar da shi duka, har gira. Yanzu ya fara fitowa, ɗan kaɗan, fari fat. Ni kaina da nika kwana da ita sau biyu na gani. Madubin ɗakinta ma ta juya shi bango."

Oh ni Saratu! Na taɓa jin cewa maganin ciwon nan na zubar da gashi, ni da nake malamar makaranta. Amma wallahi ko sau ɗaya hankalina bai haɗa wannan magana da kan Kulu ba. Ku da kuka je kun gan ta cikin hijabi, kun dawo kun ce ta rame amma da sauƙi, ba wadda ta sani. Na tsaya da kibiya a hannu, na rasa inda zan sa ta. Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba.

Ɗakin Yaya Tumba aka sauke ni. Katifa ce a kan gadon ƙarfe, gidan sauro mai faci uku, buhunan shinkafa jingine da bango, da kaza a ƙarƙashin gado tana kwanci, wadda aka gargaɗe ni kada in dame ta. Yaya ta ba ni aron zane, ta jiƙa nawa da toka.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne kwanon baƙo. Mu a Dogon Daji in baƙo ya sauka, gidan da ya sauka ke da shi, maƙwabta su shigo su gaisa su tafi. Can kuwa kafin magariba kwano biyar sun shigo daga gidaje biyar. Tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, tuwon dawa da kuka, dambu, kwaɗon zogale, da wata fura mai kauri da yaji wadda ludayi ke tsayawa a cikinta. Yaya ta ce dole in taɓa kowanne, don masu shi za su tambayi wanda aka fi ci. Gaisuwarsu ma ba ta ƙarewa. Mace za ta gaishe ka ta kai ƙofa, ta juyo ta sake ɗauko ta daga farko. Na taɓa kowane kwano don kada a ji kunya, amma ban san ɗanɗanon ko ɗaya ba. Idona na kan ƙofar nan, ita kuwa ba ta buɗe ba sai da Yaya ta kai abinci, ta karɓa ta sake rufewa.

Da gari ya waye na ce wa Yaya ko in koma. Ta ce, "In kin koma yau, ba ki ƙara dawowa, ita ko ba ta ƙara kiranki. Na san ku dukanku."

Da hantsi na ɗauki tabarma na shimfiɗa a ƙofar ɗakin Kulu, na zauna na ba ƙofar baya. Ban san abin da zan yi ba. Na ce, "Kulu, ba sai kin buɗe ba. Na yi wauta jiya, ki yafe mini. Amma ina da labarin shekara biyu a ciki, ba ni da wanda zan ba, in ban sauke shi ba ba zan iya ɗaukarsa in koma ba."

Sai na fara. Na gaya mata autata ta haihu, namiji, mai kunnuwan kakansa. Na gaya mata an cire mini haƙori biyu, na daina cin rake. Na gaya mata shugaban makarantarmu ya yi ritaya, an kawo wani wanda muka koyar da shi a aji uku, yanzu ni ke ce masa ranka ya daɗe. Na gaya mata Inna mahaifiyata ta rasu da azumin bara, na yi ta duba ƙofa ranar uku ko zan gan ta, duk da na san ba za ta iya zuwa ba. Nan na tsaya. Daga ciki na ji gado ya yi ƙara.

Don hannuna ya samu abin yi, na cire ɗankwali na fara tsefe nawa kan, wanda ya yi wata guda. Gaba ya tafi lafiya. Da na zo ƙeya sai ya cukurkuɗe, na ja, na tsinka, na yi tsaki, na sake ja. Ina cikin haka na ji murya ta ramin ƙofa, a dushe amma tata ce.

"Daga ƙasa aka farawa. Shekara talatin nika gaya miki."

Ban juya ba. Na ce, "Daga ƙasa na fara."

"Ƙarya kike. Ina jin shi yana tsinkewa. Ɗan abin da Allah Ya ba ki za ki ƙarar."

Na ci gaba da ja da gangan. Aka zare sakata.

"Shigo, don Allah, kafin ki zama ƙwaryar molo."

Na shiga. Tana zaune bakin gado cikin hijabi ruwan toka. Kulu ce, amma kamar an rage ta. Kumatun nan babu, wuyan hannu kamar na yarinya. Idanun ne kawai suna nan yadda na san su. Na yi niyyar in gaishe ta yadda ake gai da mara lafiya, sai kawai na durƙusa na kifa kai a gwiwarta na fashe da kuka. Ta ɗora hannu a kaina ta bar ni na yi mai isata.

Da na natsa na ce, "Mi na yi miki, Kulu? Kowa ya zo kin karɓe shi."

Ta ce, "Kowa fuskata yaka gani, ya yi sannu ya tafi. Ke in kin zo, ɗankwali kika fara cirewa." Sannan ta ce, "Kin tuna kitson da kinka yi mini a asibiti? Na hana kowa ya taɓa shi. Bayan an fara ƙarin maganin, wata rana ina alwalar azahar, na shafa kai, sai na ga kitso guda a tafin hannuna. A kitse, Saratu, yadda kinka kama shi. Cikin kwana fuɗu duk sunka zube. Na tara su na ba Yaya ta binne. Tun ranan in wayarki ta shigo sai in ji ba ni iyawa. Mi zan kawo miki ki kitsa? Na ce bari ya fito tukuna. Da ya fito, sai ya fito haka."

Ta sa hannu ta zare hijabin, ta zame hular da ke ƙasa. Ba ta dube ni ba, bango ta duba.

Gashi ne ɗan gajere, bai kai gaɓar yatsa biyu ba, fari sol, mai laushi irin na jariri. Na ga tabon da ke bayan kunnenta na faɗuwar da ta yi daga gadon sama muna aji biyu, wanda rabona da ganinsa a fili tun ranar da aka ɗinke shi. Na san duk abin da zan faɗa a lokacin shi za ta riƙe har abada, kuma na riga na yi ɓarna jiya. Na share ido na ce, "Alhamdu lillahi. Shekara talatin ina miki hassada, yau dai na fi ki gashi."

Ta juyo ta harare ni. Sai bakinta ya fara rawa, ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, tana dukan kafaɗata tana cewa, "Allah Ya shirye ki, 'yar banza." Yaya Tumba ta leƙo da gudu ta ga abin da ake ciki, ta koma tana share hawaye da bakin zane.

Na ce ta kwanta. Ta ce ba abin kamawa. Na ce wannan matsalar makitsiya ce, ba ta mai kai ba. Ta kwanta a tabarma ta ɗora kai a cinyata, ta gefen dama, don hagun da aka yi aikin har yanzu ba ta iya kwanciya a kansa. Na kankaro ɗan man shanun da ya rage a gindin gwangwani na shafa mata. Na tsaga da kibiya a hankali, na riƙa kamawa da bakin farce. Wasu su kamu, wasu su suɓuce in sake.

A nan muka yi hirar. Ta ba ni labarin watannin da ko ƙamshin miya ba ta iya shaƙa, da wata mata 'yar gadon kusa da ita da suka saba, wadda aka wayi gari aka naɗe katifarta. Ta ce abin da ya fi ba ta tsoro ba mutuwa ba ne, a'a, yadda mutane suka koma yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar ta riga ta tafi. Ta ce likitoci sun ce yanzu ba su ga komai ba, amma duk wata uku za ta riƙa komawa a duba, kuma duk komawa sai tsoro ya kama ta. Na gaya mata fushin wata bakwai da na yi. Ta ce ta ƙirga. Muka ci ƙwan zabi biyu-biyu, muka bar wa Yaya biyu. Wajen azahar na gama, layi tara ƙanana, ko'ina farin gashi na leƙowa. Ta shafa da hannu tun daga goshi har ƙeya, ta sake shafawa. Ba ta nemi madubi ba, ni ma ban ce ta duba ba.

Bayan mun yi salla ta ce, "To, juyo."

Na ce ta bari ta huta. Ta ce, "Yaushe kinka taɓa yi mini ban yi miki ba?"

Na kwanta na ɗora kai a cinyarta, ƙashi ne zalla. Ta ɗauki kibiya, ta faɗi. Ta sake ɗauka, ta sake faɗi. Ashe maganin ya kashe mata kan yatsu, ba ta jin abin da ta riƙe. Kulu da ke kitso tana hira ba ta ko duba kai, wadda in ta kama maka gashi sai ka kwana biyu gira a ɗage, yau ga ta tana laluben silin gashi kamar mai neman allura. Na ji numfashinta ya canja, na ji ɗigon ruwa a kunnena. Ta ce, "Saratu, ba ya kamuwa."

Na ce, "Ina sauri ne? Motar Tambuwal sai gobe."

Har la'asar sakaliya tana yi. Layi huɗu ta samu, manya, sako-sako, ɗaya ya karkace ya nufi kunne. Ta ce wannan ba kitso ba ne, in na isa gida in nemi makitsiya ta gyara. Na ce ta kula da kanta, nawa kan ba ruwanta da shi.

Washegari da safe ta rako ni har zaure, tana dafa bango. Ta gyara mini ɗaurin ɗankwali, ta tura wani silin da ya leƙo. Ta ce, "Kada ki bari kowa ya gani, ki ɓata mini suna." Na ce a tsakiyar tashar Tambuwal zan buɗe shi in ce aikin Malama Kulu ne. Ta ce babbar Sallah, in Allah Ya kai mu, ita ke da zuwa, kada in kuskura in riga ta. Muka ce amin tare. Ba mu yi doguwar sallama ba, don kowa ta san kuka ne zai biyo baya.

A hanyar dawowa ramukan nan suna nan inda na bar su. Tun ramin farko na ji layin da ya karkace ya fara saki a ƙarƙashin ɗankwali. Na ɗora tafin hannu a kai na danne. Duk inda mota ta yi tsalle sai in ƙara dannewa, hannu ya gaji in canja ɗaya. Wata mata da ke kusa da ni ta yi ta kallona, can ta kasa haƙuri ta buɗe jakarta ta ce, "Hajiya, ciwon kai ne? Ina da magani."

Na ce, "A'a, na gode, lafiya lau nike."

Ban sauke hannun ba har Tambuwal.